Ƙwayar tazarar haihuwa da ciwon damuwa: a daina ɓoye wa mata 🧵

1/ Jama'a, akwai maganar da ba a cika yi wa mata ba a ɗakin tazarar haihuwa. Ana faɗa musu zancen ciwon kai, jiri da rikicewar al'ada, amma ba a faɗa musu cewa ƙwayar na iya taɓa yanayin zuciya. A ganina wannan tauye haƙƙi ne.

2/ Ƙwayoyi irin su Microgynon suna ɗauke da homon guda 2, istrojin da furojestin, wasu kuma furojestin kaɗai. Suna hana ƙwai fita ko su toshe wa maniyyi hanya. To amma homon ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba, jini yana kai shi har ƙwaƙwalwa.

3/ A 2016 masana a Jami'ar Kofanhagan ta ƙasar Danmak suka fitar da bincike kan mata sama da miliyan 1, 'yan shekara 15 zuwa 34. Masu shan ƙwaya mai homon biyu sun fi waɗanda ba sa sha yiwuwar a fara rubuta musu maganin damuwa da kashi 23 cikin 100. Masu furojestin kaɗai, kashi 34.

4/ Inda abin ya fi tayar da hankali shi ne 'yan shekara 15 zuwa 19, a nan ƙarin ya kai kashi 80. Kuma haɗarin ya fi yawa wajen wata na 6 da farawa. Ku tuna amare nawa gare mu masu waɗannan shekarun.

5/ Kafin wani ya ɗauki hoton wannan ya watsa a guruf ɗin WhatsApp, tsaya tukuna. A binciken nan dai, cikin mata 100 da ba sa amfani da homon, wajen 1.7 ne ke fara maganin damuwa a shekara. Cikin masu amfani da shi, 2.2. Ƙarin gaskiya ne, amma yawancin mata lafiya lau suke sha.

6/ Sannan irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da cewa ƙwayar ce sanadi ga kowace mace ba. A 2017 an yi gwaji a Suwidin kan mata 340, wasu aka ba su ƙwayar gaske, wasu ta bogi. Masu ta gaske sun ce walwala da kuzarinsu sun ragu, amma ba a ga ƙarin ciwon damuwa a fili ba.

7/ Akwai ma matan da ƙwayar ke yi wa daɗi. Wadda ke shiga ƙunci mai tsanani duk gabanin al'ada, wani nau'in ƙwayar mai sinadarin drospirenone yana cikin abin da likitoci ke rubuta mata. Jiki da jini, kowa da nasa.

8/ Duk da haka, a 2018 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a sa gargaɗin ƙuncin rai da tunanin kashe kai a takardar da ke cikin kwalin. Mu fa? Sau da yawa a kyamis ake saye, a miƙo miki kati ɗaya babu kwali babu takarda. In ma akwai, da Turanci take.

9/ Sai ka ga mace ta fara kuka ba dalili, barci ya ƙaurace, gabanta na faɗuwa, abu kaɗan ta hau faɗa. Miji ya ce ta canza hali, dangi su ce sammu ne ko aljanu. Babu wanda ya tambaya: yaushe kika fara shan ƙwayar nan? Wallahi aure na iya mutuwa a kan abin da canjin magani zai gyara.

10/ Na san abin da wasu ma'aikatan lafiya za su ce: da ƙyar muka shawo kan mutane su yarda da tazara, in muka faɗi wannan guduwa za su yi. Tsoron nasu yana da tushe. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, sama da kashi ɗaya cikin 4 na matan da suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne.

11/ Amma ɓoyewar ce ke korar mutane. Wadda aka gargaɗa, in ta ji canji asibiti za ta koma a sauya mata. Wadda aka ɓoye wa za ta watsar da ƙwayar a ɓoye, ta ɗauki cikin da ba ta shirya ba, ta kuma gaya wa matan unguwa kaf cewa abin guba ne.

12/ 'Yar'uwa, kafin ki fara, ki faɗa wa nas ko likita in kin taɓa fama da damuwa, musamman bayan haihuwa. Ki lura da kanki a watannin farko. In ƙunci ya haura mako 2, ki koma. Akwai zaɓi: wani nau'in ƙwayar, ko robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda ba ta da homon sam. Allura da ashana su ma furojestin ne, ki sani.

13/ In har tunanin cutar da kanki ya zo miki, wannan ba abin jira ba ne, a tafi asibiti a ranar.

14/ Maigida, kai ne kake ganinta kullum. In ka ga ta sauya bayan fara ƙwayar, kada ka mayar da wannan hujjar hana ta tazara. Ka raka ta asibiti, ka zauna a ji bayani da kai. Allah Ya ba mu lafiya.