Haƙar tagulla: a fara lissafin ruwa kafin na riba

A watan Fabrairun 2025, madatsar dagwalon ma'adinai ta kamfanin Sino-Metals ta ɓalle a Zambiya. Gurɓataccen ruwa ya gangara kogin Kafue, kifaye suka mutu, aka rufe famfunan birnin Kitwe. A Chile kuwa, mahaƙar tagulla ta Escondida ta daina jan ruwan ƙarƙashin hamadar Atacama, ta koma tace ruwan teku. Ke nan akwai mafita, tsadarta ce kamfanoni ke gudu.

Mu da ake haƙar yuraniyom a Arlit, abin ya shafe mu. Kafin gwamnati ta ba kamfani izini, ta tilasta masa ya bayyana yawan ruwan da zai ja da yadda zai sake amfani da shi. Idan rijiyar makiyayi ta ƙafe, ba kuɗin haraji dabbobinsa za su sha ba.