AKWATIN DA AKE CEWA YANA TUƘA MOTA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin da ka saba ba ni, domin in warware wa 'yan'uwana masu karatu wata magana wadda ta yawaita a bakin samari. Suna cewa wai Turawa sun ƙago wani akwati, in an ɗaura shi ga kowace irin mota sai ta tuƙa kanta, direba kuwa ya kwanta barci. To, akwatin kam akwai shi, amma sauran maganar ba haka take ba, kuma wanda ya gaskata ta yana iya rasa ransa.

Ga asalin labarin. A shekarar 2014 wani kamfani mai suna Cruise, a birnin San Faransisko na Amurka, ya yi tallan wata na'ura da ake ɗorawa bisa rufin mota, a kan dala 10,000. Motocin Audi kaɗai ta dace da su, kuma ba a daɗe ba suka bar wannan shawara. A ƙarshen 2015 wani saurayi ɗan shekara 26, George Hotz, ya haɗa tasa cikin garejin gidansa, ya ɗaura wa motarsa ƙirar Acura, ya hau babbar hanya da ita. Cikin 2016 ya ce zai sayar a kan dala 999. Sai hukumar lafiyar hanyoyi ta Amurka ta rubuto masa takarda tana neman shaida cewa abin ba zai cuci jama'a ba. Ya fasa sayarwa, sa'an nan ya saki ilmin kyauta, ya sa masa suna openpilot. Daga baya kamfaninsa ya koma sayar da akwatin.

Yadda yake aiki kuwa, ana manna shi ga gilashin gaba, kusa da madubi, a haɗa shi da wayoyin motar. Yana da ido mai kallon hanya, watau kyamara, da 'yar kwamfuta wadda ta koyi tuƙi daga hotunan tafiyar direbobi masu yawa. Ita ce ke aika umurni ga sitiyari da birki da totur. Akwai kuma ido na biyu mai kallon fuskar direba. In ya kau da kai ko ya soma gyangyaɗi, sai akwatin ya yi ƙara. Ashe ko masu abin ba su yarda direba ya yi barci ba, taimako kurum suka ce yana yi.

Ku duba abu biyu. Na fari, akwatin ba shi da hannu ko ƙafa, sai dai ya ba da umurni, don haka ba ya aiki sai ga motar da tun daga masana'anta take karɓar umurnin lantarki. Tsofaffin Golf da Fijo da ke jigilar mutanenmu ba su cikin wannan lissafi. Na biyu, inda ya ƙware shi ne babbar hanya mai zanen fenti. Ku kwatanta da hanyar da ta taso daga Bichi zuwa nan Bagwai ran kasuwa: ga amalanken shanu, ga babura ɗauke da kwandunan tumatir daga noman rani na Watari, ga yara da awaki, ga hazo lokacin hunturu mai dushe ido, na mutum da na kyamara duka.

Kada wani ya ce tsoro ne na baƙauye. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mace tana ƙetare hanya da kekenta da dare. Akwai mai tsaro zaune a mazaunin direba, amma hankali ya tafi wani wuri. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Duk da haka ban ce samarinmu su nade hannu ba. Ilmin nan a buɗe yake ga mai so. Shawarata ga ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero da makanikan Ƙofar Ruwa ita ce su fara da ido na biyu, mai tsaron direba. Shi ba ya bukatar sabuwar mota ko zanen hanya, kuma kowa ya san barcin direba na tafiyar dare ya sa gidaje da yawa kuka. Wanda kuwa ya nace sai ya gwada mai juya sitiyari, ya nemi fili mai shinge inda ba kowa, ya kuma shawarci hukumar kiyaye haɗurra tukuna. Kada ya yi gwaji da rayukan fasinja waɗanda ba a tambaye su ba. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ina so malamai da akawuna su karanta wa direbobin garinsu wannan, in da mai wani ra'ayi ya rubuto mu ji. Wassalam.

Ni ne naka,
Akawu, Bagwai.