Jiragen "Faiba": Mu San Abin Da Za Mu Saya

Bahaushe ya ari kalmar "roba" daga Turanci, ya ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Tayar mota roba ce, bokiti roba ne, kujerar gidan biki da kan dare ƙarƙashin babban baƙo ita ma roba ce. A matsayina na mai nazarin harshe, da sai in bar wannan zance a cikin aji. To amma tun bayan kifewar jirgin ruwa a yankin Patigi na Jihar Kwara a 2023, inda mutum fiye da 100 suka rasu, kira ya yawaita na a maye gurbin jiragen katako da na "faiba". Ke nan rayuka sun shiga maganar.

Mece ce faibar? Ƙaron roba ne da aka shimfiɗa wa zaren gilas a ciki. Ƙaron shi kaɗai gautsi ne da shi: da zarar ya tsage, tsagar ba ta tsayawa sai ta raba shi biyu. Gilas kuwa kowa ya san halinsa. Amma in aka haɗa su, duk inda tsaga ta nufa sai ta ci karo da zare. Dole ta karkace, ko ta tsinka zaren, ko ta zare shi daga mazauninsa, kowanne kuma yana cinye ƙarfin bugun. Maginanmu da ke cuɗa ciyawa cikin ƙasar gini sun daɗe da sanin wannan hikima. A Amurka, tun 1953 aka yi gangar motar Corvette da wannan haɗi, kuma kusan rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787 irin wannan haɗi ne, galibi da zaren kabon.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin yana ga yawan zaren da yadda ƙaron ya jiƙa shi, kuma fenti yana rufe duka biyun. Ɗan kwangilar da ya rage shimfiɗa biyu zai kawo jirgi mai sheƙi, mai saye ba zai gane ba, tunda a bakinsa duk roba ce.

Don haka nake kira ga hukumar SON da ta NIWA da su tilasta a rubuta kaurin gangar kowane jirgi, da yawan shimfiɗar zarensa, da adadin mutanen da zai ɗauka, cikin Hausa da Nufanci, a jikin jirgin inda fasinja zai gani kafin ya sa ƙafa.