Jirgin Da Ke Kai Jini, Da Wanda Zai Biya Kuɗin Tashinsa



A watan Oktoban 2016, a gundumar Muhanga ta ƙasar Ruwanda, Shugaba Paul Kagame ya ƙaddamar da jigilar jini zuwa asibitoci da jirage marasa matuƙi. Jiragen na kamfanin Zipline ne na Amurka. Waɗanda suka tsaya masa kuwa su ne ƙungiyar Gavi, mai samar wa ƙasashe matalauta allurar rigakafi daga mazauninta na Geneva, da gidauniyar kamfanin jigilar kaya na UPS.

Ga yadda aikin yake. Mace ta haihu a wani asibitin ƙauye, jini ya ɓalle mata. Ma'aikaciyar jinya ta aika saƙo ta waya. Can cibiyar da jiragen ke tashi a ɗauko ledar jinin da ya dace daga firji, a sa a ɗan kwali, a cusa a cikin jirgin, a cilla shi sama. Yana gudun kilomita 100 a awa guda ko kusa da haka, kayan da yake ɗauka ba su cika kilo biyu ba. In ya iso ba ya ma sauka: sakin kwalin yake yi, ya sauko a hankali da 'yar laimarsa a harabar asibiti, shi kuma ya juya gida. A ƙasa mai tsaunuka irin Ruwanda, inda hanya kan caɓe da damina, tafiyar sa'o'i ta koma ta mintoci. Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2022 ya nuna cewa jinin da ke lalacewa a ajiye a asibitocin ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, tunda yanzu ba sai kowane asibiti ya tara nasa ba.

Wanda duk ya taɓa tsayawa bakin ɗakin haihuwa ana cewa a nemo jini, ba zai raina wannan ba. Ni ma ban raina ba.

Abin da nake so mu duba shi ne rabon ɗawainiya. Ƙungiyar duniya tana kawo suna da kuɗin somawa, ita ce kuma ke buɗe ƙofar ofishin minista. Kamfani yana kawo fasaha, a madadin haka ya samu filin gwaji da kasuwa, da shaidar da zai nuna wa masu zuba jari. Kuɗin kowane tashi kuwa, yau da gobe da baɗi, galibi a wuyan gwamnati yake. Samun doki ba wuya, harawar kullum ita ce magana.

Ghana ta ɗanɗana. A Disamban 2018 majalisar dokokinta ta amince da kwangilar Zipline ta dala miliyan 12.5 na tsawon shekara huɗu, bayan zazzafar muhawara. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta nemi a dakata, tana ganin akwai buƙatun da suka fi wannan gaggawa a asibitoci. Aka ci gaba. A Afrilun 2019 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya buɗe cibiyar farko a Omenako, daga baya aka kafa wasu, har da ta Vobsi kusa da Walewale a arewa. Jirage sun yi ta kai jini da rigakafi da maganin dafin maciji. Amma zuwa ƙarshen 2025 maganar da ta mamaye aikin ita ce ta bashin da kamfanin ke bin gwamnati. Ba jirgin ne ya gaza ba, aljihu ne.

Abin ya zo har gida. Gwamnatin Kaduna ta ƙulla yarjejeniya da Zipline a 2021, jirage suka fara tashi daga Pambeguwa a 2022. Saboda haka tambayoyin na talakan Kubau da Kauru ne, ba na mutanen Geneva kaɗai ba. Nawa ake biya duk tashi guda, kuma da naira ne ko da dala? In gwamnati ta canza, ko mai tallafi ya janye, wa zai ɗauka? Bayanan da ake tarawa kan wane asibiti ke buƙatar me, a hannun wa suke zama?

Akwai kuma abin da hoton bikin ƙaddamarwa ba ya nunawa. Jirgi ba ya ƙirƙirar jini. Sai wani ya miƙa hannu an ɗiba, an tantance, an adana a firjin da wutarsa ba ta ɗaukewa. In kwali ya faɗo, sai da ma'aikacin da ya iya ƙarin jini a wurin, da tsakar dare ma. Waɗannan ba sa jan kyamara, shi ya sa masu tallafi ba sa rububinsu.

Nawa ra'ayin, a ci gaba da irin wannan haɗin gwiwa, amma da sharaɗi: a buga kwangilar a fili, majalisar jiha ta karanta ta kafin a sa hannu, a kuma ware kuɗin shekara biyar masu zuwa a kasafin ma'aikatar lafiya, tare da na bankin jini da albashin ungozoma.