Fisticuffs: Kalmar da ke mayar da faɗa abin dariya

Duk mai bibiyar jaridun Turanci na Najeriya ya saba cin karo da kalmar fisticuffs, musamman idan rikici ya ɓarke a zauren majalisa ko wajen taron jam'iyya. Sai dai a Ingila, inda ta samo asali, kalmar ta tsufa, kuma yau ba a cika furta ta ba sai cikin raha.

Kalmar ta fara bayyana a rubuce wajejen shekarar 1600. An haɗa ta ne daga fist, wato dunƙulallen hannu, da cuff, wato naushi ko mari. Asalin ma'anarta faɗa da hannu zalla, babu makami. Da hannu zalla 'yan damben Ingila suka daɗe suna karawa, kafin dokokin Queensberry na 1867 su wajabta sanya safar dambe. Da wancan zamani ya shuɗe, sai kalmar ta koma ta barkwanci. Idan mutumin Ingila ya ji ta yau, abin da ke faɗo masa a rai shi ne maza biyu masu gashin baki, sun naɗe hannun riga, suna zagaya juna. Uba kan tsokani 'ya'yansa da ita idan ya tarar suna kokawar wasa a falo.

A nan gizo ke saƙar. Kalmar da ke ɗauke da dariya tana rage wa laifi nauyi. A watan Yulin 2013, a Majalisar Dokokin Jihar Ribas, an rotsa wa wani ɗan majalisa kai da sandar majalisa, har aka kwantar da shi a asibiti. Ɗan jaridar da zai kira irin wannan fisticuffs ya yi kuskure biyu: an yi amfani da makami, kuma babu abin dariya a ciki.

Mu ma masu rubutu da Hausa ba mu tsira ba. Muna da tamu, wato "an ba hammata iska". Karin magana ce mai daɗi, ta dace da filin dambe ko hatsaniyar 'yan kallon ƙwallo da ta ƙare babu rauni. Amma sau nawa muke ɗora ta a kanun labarin da aka zubar da jini? Mai karatu zai yi murmushi ya wuce, alhali wani yana kwance a gadon asibiti.

Ba ina cewa a jefar da waɗannan kalmomi ba ne, domin harshen da babu raha a cikinsa miya ce babu gishiri. Abin da nake roƙon abokan aikina shi ne, kafin mu zaɓi kalma, mu tambayi kanmu: shin wanda aka daka zai yi dariya idan ya karanta? Idan ba zai yi ba, mu rubuta duka ko cin zarafi, mu bar raha ga wasan yara.