Zafin Inji a Cinyar Mahayi: Darasi daga Milwaukee

Kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwaukee na Amurka a 1903, ya yi suna da manyan baburan doguwar tafiya, irin waɗanda mutum zai ɗaure wa kaya, ya goya matarsa, su wuni a kan titi. Injinsu silinda biyu ne, an kafa su kamar bakin almakashi a buɗe, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma shekara da shekaru iska kaɗai ke sanyaya su. Ta gaba tana shan iska son ranta. Ta baya tana laɓe ne a bayan 'yar'uwarta, iskar da ke isa gare ta ta riga ta yi ɗumi, ga ta kuma daidai tsakanin cinyoyin mahayi.

Muddin ana gudu, abin da sauƙi. Wahalar tana farawa ne idan aka shiga cunkoso ko aka tsaya a danja. Iska ta ɗauke, inji na ta ƙona mai, zafi ya rasa mafita sai sama. Lamarin ya ƙara tsanani da injin ya yi ta girma, daga cc 1,450 a 1999 zuwa 1,584 a 2007. Dokokin rage hayaƙi kuma suka sa aka rage man da ake ba inji a kan yawan iska, irin wannan haɗin kuwa ya fi sa inji zafi. Daga baya aka saka matatar hayaƙi a cikin bututun salansa, kusa da ƙafar dama, ita kuwa ba ta aiki sai ta yi zafi ƙwarai.

Mahaya sun yi ta dabarunsu: masu liƙa faifan roba a ƙarƙashin kujera don kawar da hucin, masu naɗe bututu da kyalle mai jure wuta, masu ɗaura ƙaramar fanka. Amma matakin da ya fi burge ni shi ne wanda kamfanin ya ɗauka bayan ya duba wace silinda ce ke gasa mutum, kuma a wane lokaci. Sai aka tsara kwamfutar injin ta yadda idan babur na tsaye, zafi kuma ya kai wani mataki, za ta yanke wa silindar baya mai. Fistin ɗinta zai ci gaba da hawa da sauka, yana zuƙar iska yana fitarwa ba tare da wuta ba, yana sanyaya kanta. Da an murza totur, sai ta koma aiki. Kamfanin Indian ya bi wannan hanya, haka ma Ducati na Italiya a babur ɗinsa Multistrada V4.

Sauran gyare-gyaren sun biyo baya. A wasu baburan 2014 an kai ruwa ya zagaye kan silinda, wajen bawul ɗin hayaƙi inda zafi ya fi taruwa, aka ɓoye ƙananan lagireto biyu a cikin garkuwar gaban ƙafa. Injin Milwaukee-Eight na 2017 kuma aka rage masa juyi idan yana tsaye, daga 1,000 a minti zuwa 850, aka matsar da matatar hayaƙi nesa da ƙafar wanda aka goya.

Baburan da ke titunanmu ƙanana ne, silinda ɗaya, ba su da kwamfutar da za ta kashe komai. Amma Bajaj ɗin ɗan acaɓa da na ɗan kabu-kabu a Maraɗi su ma iska ke sanyaya su, a ƙasar da zafin Afrilu kan wuce digiri 40. Haƙarƙarin da ke jikin silinda shi ne babbar hanyar sanyaya inji, sai ka ga laka da baƙin mai sun toshe shi, ba wanda ya damu. Mai babur zai tsaya jiran fasinja inji na kunne, yana ƙona mai yana gasa kansa. Bakanike zai matse kabureta don a tsimi fetur, inji ya riƙa ɗaukar zafin da ya wuce kima.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne murfin salansa. Idan ƙusarsa ta kwance ya fara ƙara, sai a cire a yar. Mata da yara ne ke biyan kuɗin wannan sakaci da fatar ƙaurinsu, musamman wajen sauka ta dama, kuma mun saba da ganin wannan tabo har mun daina tambayar laifin wa. Na mai babur ne, ba na wadda ta hau ba. Ƙusa biyu ko uku ke riƙe murfin, kowane bakanike kuma zai mayar da shi kafin mai babur ya gama shan ruwa.