Waya Tsakanin Kwamfuta Biyu: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin masu amfani da kwamfuta, wai muddin aka haɗa kwamfuta biyu da waya kai tsaye, ba tare da wata na'ura a tsakani ba, to, bayanai za su riƙa gudu daidai da lambar da aka buga a jikin kwalin wayar. Manufar wannan ɗan bayani ita ce nuna cewa wannan fahimta kuskure ce, kuma tana sa mutane asarar kuɗi a banza.

Ba a musun cewa wayoyin sun ci gaba ƙwarai. A shekarar 1973 Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro tsarin Ethernet a kamfanin Xerox na Amurka, gudunsa bai cika megabit 3 a daƙiƙa ba. A 1995 aka kai megabit 100, a 1999 aka kai gigabit 1 a kan wayar tagulla, sannan a 2006 aka kai gigabit 10. Thunderbolt 3 kuwa, wanda kamfanin Intel ya sanar a 2015, gigabit 40 aka rubuta masa. Sai dai gudun waya daban, gudun aiki daban.

Da farko, masu sayarwa da bit suke lissafi, alhali girman fayil da bayit ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Wato wayar gigabit 1 ba za ta wuce megabayit 125 a daƙiƙa ba, daga ciki ma sai an cire kason adireshi da na tantance saƙo.

Na biyu, kuma shi ne babba, ayari ba ya wuce tafiyar gurgun jakin da ke cikinsa. A ɗauki misalin mai son kwashe fayil na gigabayit 100. Da wayar gigabit 1 zai yi kamar minti 15. Da ta gigabit 10, a lissafin takarda daƙiƙa 80 ta ishe shi. To amma idan ɗaya daga cikin kwamfutocin tana da faifan nan mai juyawa, wanda ke rubuta kamar megabayit 150 a daƙiƙa, sai ya yi minti 11 yana jira. Ya biya kuɗin ninki goma, ribarsa minti huɗu kacal. Idan kuwa dubban ƙananan fayiloli ne, abin ya fi haka muni, domin kowane ɗaya sai an buɗe masa wuri an rufe, wayar tana zaune ba aiki.

Na uku, tsawo ma yana da hukunci. Wayar tagulla ta Ethernet iyakarta mita 100, nau'in Cat6 kuwa ba ya riƙe gigabit 10 fiye da kimanin mita 55. Wayar Thunderbolt 3 marar na'urar ƙarfafa saƙo ba ta ba da cikakken gudunta sai in ba ta kai mita ɗaya ba. Daɗin daɗawa, wancan gigabit 40 ba na fayiloli ne kaɗai ba, hoton allo ma yana da rabonsa a ciki.

Mai yiwuwa wani ya ce gara a sayi babbar waya tun yau saboda gobe. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya ga mai binne waya cikin gini, domin tonowa akwai wuya. Amma ga kwamfuta biyu a kan teburi ɗaya, sauya waya aikin minti ɗaya ne, ba abin da za a yi wa gaggawa ba.

Saboda haka, kafin a kai hannu aljihu, ya kamata a fara auna gudun faifan kowace kwamfuta, a duba ƙarfin kafar da za a soka wayar a ɓangarorin biyu. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne ya cancanci kuɗin, sau da yawa kuma sauya faifai mai juyawa da SSD shi ne matakin farko.